Simintin da Len Gleed Ya Sa

Gari bai gama wayewa ba, Len Gleed yana durƙushe a gindin kabarin Hester Pinchin yana lalube cikin ciyawa da yatsu. Watan Maris ne, an kwana ana irin sanyin da ke daskarar da ruwa a bokiti, kuma ya san abin da irin wannan sanyi yake bari. Bai daɗe yana nema ba ya samu. Ɓawon dutse ne siriri kamar biskit, da rabin harafi a jikinsa. Ya ɗaga shi ya kara a allon kabarin, ya zauna daidai inda ya ɓantaro. Farkon sunan Dorcas ne.

Ni nake haƙa kabari a ƙauyukan nan, ranar kuwa ina da ramin da zan gama kafin ƙarfe sha ɗaya, shi ya sa na gan shi. Na gaishe shi. Ya zagi sanyi, ya zagi siminti, ya zagi uban wanda ya ƙirƙiro siminti, sannan ya dawo kan kansa ya daɗe a nan. Da ya gama ya miƙo hannu na ɗaga shi, don gwiwarsa ta hagu ta daina tashi da shi tun bara.

Kaburburan akwati goma sha ɗaya ne a harabar cocin Sladcombe: allunan dutse huɗu a tsaye, na biyar a kwance a kansu kamar murfi. Masu arzikin ulu na zamanin da ne suka gina wa kansu, don ko sun mutu su fi maƙwabta tsawo. Baƙin da ke zuwa da kyamara lokacin zafi sukan rage murya in sun matso, suna zaton gawar na ciki. Len yakan ce musu su saki jiki, babu kowa a ciki sai gizo-gizo, mai kabarin yana can ƙasa kamar kowa. Goma suna kudu, bakin hanyar shiga, inda rana ke samunsu. Na Hester ne kaɗai a arewa, bayan coci, inda inuwa ba ta tashi, kuma shi ne ƙarami. Matar wani marini ce, ta rasu a 1761. A ƙarƙashin sunanta an jera sunayen 'ya'yanta shida, kowa da layinsa: Abel, Tabitha, Josiah, Dorcas, Silas, Keziah. Babu wanda ya kai shekara biyar. Littafin coci na waɗannan shekaru ruwa ya cinye shi tun kafin a haifi kakan kowa, saboda haka allon nan ne kaɗai shaidar sun taɓa zuwa duniya.

A wannan safiya babu Keziah, babu Silas. Wurinsu ya zama fili kamar an kankare da wuƙa. Len ne kaɗai ya san abin da ke rubuce a wurin, don ya karanta su suna cikakku, kuma hannunsa ne ya jawo musu.

An haife shi a gida na uku daga ƙofar coci, a gidan kuma ya tsufa. Ubansa mai fasa dutse ne a ramin da ke bayan tudu, har ƙura ta cika masa huhu. Len ya bar makaranta yana ɗan sha biyar ya bi wani ɗan kwangilar gini daga birni, mutumin da ya yarda da siminti fiye da yadda ya yarda da Allah. A 1972 aka ba su aikin gyara a coci. Len yana da shekara ashirin, aka nuna masa kabarin Hester aka ce ya toshe duk gaɓar da ta buɗe tsakanin allunan. Ya kankare tsohon kwaɓin farar ƙasa da ya yi shekara ɗari biyu a wurin, ya cusa siminti, ya goge shi sumul. Aiki ne mai kyau. Ban taɓa ganin Len ya yi aikin ha'inci ba, kuma wannan ce masifar, don da ya yi ha'inci da simintin ya zube da kansa tuntuni. Da yamma ya kawo ubansa ya gani. Tsohon ya zagaya kabarin sau ɗaya yana tari, ya danna gaɓar da babban yatsa, ya ce, "Ka shaƙe ta."

Len ya yi dariya. Ubansa ya ce masa dutsen ƙasar nan yana shan ruwa kamar burodi, kuma ta gaɓa yake fitar da shi. Farar ƙasa tana barin ruwan ya wuce, siminti ba ya bari. Ruwan zai tsaya cikin dutsen, sanyi ya daskarar da shi, ya kumbura, ya turo fuskar dutsen waje. Len ya ce wa tsohon zamani ya wuce shi.  Bayan shekara biyu tsohon ya rasu. Bayan shekara goma sha ɗaya harafi na farko ya faɗo daga sunan Keziah.

Daga nan Len ya rabu da ɗan kwangilar ya koma cin gashin kansa, kuma bai sake buɗe buhun siminti ba. Rabin katangun ƙauyuka biyar shi ya cire musu simintin da wasu suka cusa ya mayar da farar ƙasa. Ya auri Jean, mai dafa wa 'yan makaranta abinci, suka haifi 'ya ɗaya, Carol, wadda ke aikin jinya a can arewa. Kowace Asabar shekara arba'in yana hawa hasumiya ya wana agogon coci. Ranar Lahadi yana zama a benci na ƙarshe, ba ya waƙa. Ba mutum ne mai sauƙi ba, kada wani ya ce na ce haka. Ya yi faɗa da kowa a ƙauyen, har da ni sau uku. Ya taɓa jefo buhun siminti daga saman gini a gaban mai gidan da ya saya, ya sauko ya ɗauki fulas ɗinsa ya tafi. Da Jean ta rasu ya ƙara tauri, don ita ce mai bin bayansa tana ba mutane haƙuri.

Sau biyu a baya ya kai maganar kabarin Hester gaban kwamitin coci. Na farko aka ce ya bari a gama rufin coci. Na biyu aka ce ya bari a gama banɗaki. Yanzu yana da shekara saba'in da uku, yatsunsa sun fara lanƙwashewa, ya san ba za a yi na huɗu ba.

Kwamitin coci yana zama wata ɗaya a tsallake ɗaya, da shayi da biskit. Len ya je zaman Afrilu da takalmin aiki, ya ajiye ɓawon dutsen a kan teburi kusa da faranti. Ya ce ba ya neman ko sisi. Farar ƙasa tasa, yashi nasa, hannu nasa. Kwana huɗu kawai yake so, tsakanin Mayu da ƙarshen Satumba, domin kwaɓin farar ƙasa yana bukatar makonni kafin ya kama, in sanyi ya same shi ɗanye sai ya koma gari.

Mista Crispin Fairclough ne wakilin coci. Shekara shida da suka wuce ya yi ritaya daga wani ofis a London ya sayi tsohon gidan makaranta. Ba mugu ba ne, da mugu ne da abin ya fi sauƙi. Mutum ne wanda in ya ga gida na ci da wuta zai fara tambayar wa ke da ikon kiran 'yan kwana-kwana. Ya yaba wa Len sosai, ya ce irinsa ne ginshiƙin ƙauye, sannan ya buɗe fayil. Ya ce kabarin yana cikin jerin kayan tarihi, ba a taɓa shi sai da takardar izini daga ofishin bishop. Kafin takarda sai mai zanen gini ya duba. Sai an kafa sanarwa a ƙofar coci kwana ashirin da takwas ko akwai mai ja. Kafin duk wannan kuma sai an nemi magadan Hester, domin a doka kabari na magada ne.

"Magada," in ji Len. "Shida ta haifa, yallaɓai, ga su can kwance kusa da ita. Je ka tambaye su, ba sa zuwa ko'ina."

"Na fahimci zafinka, Len."

"Ba ka fahimta ba. Ranar da na sa simintin nan wa ya nemi takarda? Wani ya nuna da yatsa, na ɗauki cokalin gini. Yau da na zo cirewa ne aka tuna da bishop?"

Rabaran Philippa, wadda ke riƙe da coci shida da ƙaramar mota ɗaya, ta duba agogonta ta ce tana tare da shi, za su matsa, in Allah ya yarda kafin zafi ya wuce. Len ya tambaye ta zafin wace shekara. Aka yi dariya, wata ta miƙa masa biskit. Washegari Fairclough da kansa ya zagaye kabarin da igiyar roba ja da fari, don kada ya faɗa kan wani, kabarin da ya yi shekara ɗari biyu da sittin bai faɗa kan kowa ba.

Len ya koma gida ya jiƙa farar ƙasa a babban bokiti ya rufe, domin tana ƙara kyau in ta daɗe a jiƙe. Ya tankaɗe yashi. Ya wasa cizal uku na sassaƙa dutse. Ya jira.

A Mayu aka gano wata tsohuwa a Kanada mai suna Pinchin, aka rubuta mata, ba ta amsa ba, aka sake rubutawa. A Yuni mai zanen gini ya zo, ya yi minti ashirin, ya ƙwanƙwasa dutsen da biro, ya tambayi Len me yake gani, ya koma birni ya rubuta abin da Len ya gaya masa a shafi tara. A Yuli wata mata ta zo da tabarau mai ƙara girma ta kwanta rub da ciki tana duba gansakukar da ke jikin murfin, ko irin wadda doka ta hana a taɓa ce. Ita ce kaɗai Len ya kai wa shayi, ya ce aƙalla ita ta ɓata wandonta. A Agusta ofishin bishop ba ya zama. A Satumba ya zauna, ya dawo da takardun, ya ce hotunan da aka aiko ba a ajiye rula a jikin dutsen ba, don haka ba a san girman ɓarnar ba. A sake ɗauka. Zama na gaba sai Nuwamba.

A wurin cin abincin godiyar girbi Fairclough ya gaya wa Len, yana riƙe da faranti, da murya irin ta mai kawo labarin an ɗaga jirgi. Ya ce shekara ɗaya ba komai ba ce ga dutsen da ya daɗe haka. Len ya ce masa a yadda dutsen ke zuba yanzu, shekara ɗaya suna ɗaya ce, wani lokaci ɗaya da rabi, shi ya ƙirga, ba a fayil ya karanta ba. Ya ajiye abincinsa bai ci ba ya fita.

Ranar Litinin ta farko a Oktoba, da rana tsaka, ba a ɓoye ba, ya turo baro ya bi ta babbar ƙofa, ya ɗaga igiyar roba ya shiga ta ƙarƙashi. Lokaci ya riga ya ƙure, ya sani, amma ya ce in aka samu mako uku babu sanyi mai tsanani kwaɓin zai kama. Allon rubutun ya fara da shi. Cire siminti daga dutse mai laushi ba aikin ƙarfi ba ne. In ka buga da ƙarfi simintin zai fito da bakin dutsen a jikinsa. Sai da ƙaramin cizal da gudumar katako, kaɗan-kaɗan, kamar mai cire ƙaya. Ya yi kwana biyu durƙushe a kan buhu yana yi, sai in ya so tashi ya kira ni. Simintin ya ƙi fita, yana bugawa yana zagin yaron da ya kwaɓa shi da kyau haka. Yammacin Talata gaɓoɓin allon duka huɗu suna buɗe, tsaf, ko bakin harafi ɗaya bai taɓa ba.

Safiyar Laraba ya kawo bokitin kwaɓi. Safiyar Laraba kuma Fairclough ya dawo daga hutu.

"Len, me nake gani haka?"

"Aiki ne. Na san ba ka saba ganinsa ba, kada ka tsorata."

Fairclough ya ce ya ajiye cokalin. Len ya ajiye, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba, ya yi masa bayani a hankali kamar mai magana da maras lafiya. Ya ce gaɓoɓin a buɗe suke yanzu. Barin su haka ya fi barin simintin muni, domin duk ruwan da ya sauko daga murfi zai shiga bayan allon kai tsaye. Awa uku yake bukata ya cike su. Bayan awa uku a kira wanda za a kira, a kai shi inda za a kai shi, ba zai yi gardama ba.

Fairclough ya koma gefe ya buga wa ofishin bishop waya. Ofishin da ya yi wata shida bai iya duba hoto ba ya amsa cikin minti biyar. Aka ce a tsayar da komai nan take, a bar kabarin yadda yake sai mai bincike ya zo ya ga abin da aka yi.

Rabaran Philippa ta iso da rigar jana'iza a jikinta, daga wata jana'izar za ta wata. Len ya cire hula.

"Rabaran, ke kika binne Jean. Ban taɓa roƙonki komai ba. Awa uku."

Ta dubi gaɓoɓin, kuma na rantse ta gane, don 'yar manomi ce. Ta ce, "In na ce eh, Len, ni za a tsayar gaban kotun coci, kuma ba wannan cocin kaɗai ke kaina ba. Ba zan iya ba."

"To juya baya kawai."

"Na riga na gani."

Ɗan sanda ya zo wajen sha biyu, mai ladabi, ya ce shi ba ya son wannan aikin, amma taɓa kayan tarihi ba izini laifi ne, in aka sake sai kotu. Shi da kansa ya ɗaukar wa Len bokitin har gida. Kafin Len ya tafi ya lulluɓe kabarin da tamfol ya danne da duwatsu. Kafin ƙarfe huɗu na yamma mota ta kawo shingen ƙarfe mai tsawon mutum da rabi, aka zagaye kabarin, aka sa kwaɗo. Shingen bai jira zaman kwamiti ba, ba a nemi magadan kowa ba, ba a kafa sanarwar kwana ashirin da takwas ba. Rana ɗaya aka yi shi.

Ranar Juma'a wasiƙa ta zo ta ce an ce a bar kabarin yadda yake, tamfol kuwa ba ya cikin yadda yake. Fairclough ya ba ni mabuɗi ya ce in cire. A cocin nan nake cin abinci. Na cire. Na kai wa Len tamfol ɗinsa gida, ya tsaya a ƙofa ya dube ni, ya tambaya ko na shanya shi kafin in naɗe. Na ce na shanya. Ya karɓa ya rufe ƙofa, bai sake yi mini magana ba sai da abin ya faru.

Sau biyu ya jefa leda ta saman shingen, iska ta kwashe. Ya yi maganar yanke kwaɗon, Carol ta bugo waya ta yi masa kuka ta ce ba za ta je ta gan shi a kotu yana wannan shekaru ba. Mai bincike aka ce zai zo tsakiyar Disamba.

Oktoba ta ƙare lafiya lau, babu sanyi ko ɗaya. Da an ba shi awa ukun nan da kwaɓin ya kama. Sannan Nuwamba ta shigo da ruwa, kwana tara ba tsayawa. Rana ta goma sama ta washe, iska ta juyo daga arewa, aka yi kwana uku ƙasa kamar ƙarfe. A rana ta huɗu sanyin ya saki, fuskar allon ta saki tare da shi. Ba harafi-harafi ta faɗo ba kamar da. Gaba ɗaya ta zamo ta tarwatse a ciyawa. Abin da ya rage a jikin dutsen rabin sunan Pinchin ne da lamba ɗaya daga shekarar.

Na tarar da shi riƙe da shingen da hannu biyu. Ya girgiza shi har kwaɗon na kaɗawa, ya ci gaba da girgizawa har numfashinsa ya ƙare. Bai juyo ba ya ce mini, "Sau biyu, Ivor. Na farko na toshe ta. Na biyu na buɗe ta na tafi gida."

Na ce ba shi ya tafi ba, kora aka yi masa. Ya ce in rufe bakina, mai cire tamfol ba shi da ta cewa. Na rufe.

Takardar izini ta zo a Janairu. Fairclough ya kai masa har ƙofa cikin ruwa, ina wurin ina gyara masa bututun da ya fashe. An yarda a cire siminti, a mayar da kwaɓin farar ƙasa, a hannun ƙwararren magini, tsakanin Mayu da Satumba. An kuma yafe wa Len abin da ya yi saboda shekarunsa. Len ya karanta har ƙarshe, bakinsa na motsi. Fairclough ya ce abin baƙin ciki ne, amma an yi sa'a akwai hotuna masu kyau na sunaye huɗun.

"Da rula a jiki?"

"Da rula."

"To madalla. Sai a rataye su a bayan coci su sha ruwa."

A nan ran Fairclough ya ɓaci, kuma ya faɗi magana ɗaya ta gaskiya da na taɓa ji daga bakinsa. Ya ce da Len bai buɗe gaɓoɓin ba da allon ya kai Mayu. Da an rasa Dorcas, wataƙila da rabin Josiah, amma da Hester da Abel da Tabitha suna nan.

Len ya ce, "Na sani." Ya shiga ciki ya fito da mabuɗin hasumiya, ƙaton mabuɗi mai tsawon tafin hannu, ya sa masa a aljihun kwat ya ce agogon yana son juyi sittin da biyu kowace Asabar, matakala kuwa saba'in da huɗu ce, ya nemi izini ya hau. Tun ranar bai sake taka harabar coci ba sai gefen da Jean take, kuma ta ƙofar baya yake shiga.

A Mayu wani kamfani daga birni ya zo ya gyara kabarin. Aiki mai tsabta suka yi, da farar ƙasa, ba zan yi musu ƙarya ba. Suka cike gaɓoɓi sumul kewaye da allon da ba komai a kansa. Rabaran Philippa ta tambayi ofishin ko za a sake sassaƙa sunayen, aka ce a'a, sabon rubutu a kan tsohon dutse yana ɓata tarihi.

Len bai jira wannan amsa ba. Tun Fabrairu ya sa an sauke masa guntun dutse daga tsohon ramin bayan tudu, mai kauri kamar katanga, ya shiga rumfarsa da shi. Yatsunsa ba sa riƙe cizal fiye da minti goma, sai ya tsoma su a ruwan ɗumi ya koma. Wata rana harafi biyu, wata rana ko ɗaya. Ya bi salon hannun mutumin da ya yi na farko, har da kuskurensa, don wancan ya matse Tabitha a ƙarshen layi saboda bai auna da kyau ba, Len ma ya matse ta. Sunaye bakwai, da shekara. Bai sa nasa ba.

A lokacin ya riga ya faɗi sau biyu a cikin gida, Carol ta ce ya isa, ta sa gidan a kasuwa, ta shirya masa ɗaki a wajenta. Ranar Talata za ta zo ta ɗauke shi. Ranar Litinin na biyo ta layin coci zan tafi haƙa a wani ƙauye, na ga ya fasa katangar lambunsa, wadda ke fuskantar hanyar da duk mai zuwa coci sai ya bi. Ya fasa ta daga waje har ciki, yadda duk wanda ya sayi gidan in ya ce zai cire dutsen sai ya rushe katangar. Na tsaya na kama masa muka ɗaga dutsen da ya sassaƙa muka zaunar a kan kwaɓi. Bai ce na gode ba, ya ce ina riƙe dutse kamar mai riƙe gawa.

Fairclough ya zo wucewa da takarda zai kafa a ƙofar coci. Ya tsaya ya karanta sunayen tun daga sama har ƙasa. Ya yi gyaran murya ya ce aiki ne mai kyau ƙwarai, sai dai layin nan yana cikin unguwar da doka ta kare, mai yiwuwa canza katanga yana bukatar izinin hukuma.

"Rubuta musu," in ji Len, bai ɗago ba. "Ina nan har gobe."

Na makara, na hau mota. Ina tayar da inji na ga ya ɗora ma'aunin magina a saman dutsen, ya sunkuya ya kanne ido ɗaya yana duban ƙwayar ruwan da ke cikinsa. Gefen hagu ya sauka da abin da bai kai kaurin farce ba, ni ko da tabarau ba zan gani ba. Ya zagi dutsen, ya zagi katangar. Ya sa cizal a ƙarƙashi ya ɗaga gefen, ya tokare da guntun katako, ya kankare kwaɓin da muka zaunar da shi a kai, ya jawo bokiti da ƙafa ya ɗebo sabo.